Kwaɗon Ƙofa Ba Ya Ihu

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka fara kama ɗaki ko kuke shirin tarewa a gidan kanku, akwai maganar da ba a cika zaunar da ku a yi muku ba. Ranar kai amarya iyaye mata sukan cika ta da nasihar haƙuri da biyayya, ango kuma abokai su dame shi da shawarar fenti da kujeru. Ban taɓa ganin wanda ya ja su gefe ya ce, "Idan wuta ta tashi da tsakar dare, ta ina za ku fita?" ba. Ni ma ba a tambaye ni ba, sai da wani dare ya zo ya tambaye ni da kansa.

Shekarata biyu da aure a lokacin, muna haya a wani gida mai ɗaki biyu da falo a cikin Kano. Hunturu ne, irin sanyin Janairun nan da ke sa mutum ya tsaya yana kallon buta kafin ya yi alwala. Bayan isha'i maiɗakina ta jona hita don ɗuma ruwan wankan yaro. Ruwan bai kai ga yin ɗumi ba aka ɗauke wuta, sai ta zare hitar daga bokiti ta rataye a jikin kantar katako, ta ɗora ruwan a risho. Daga ni har ita ba wanda ya tuna cewa wayar tana nan a soket. Wajen ƙarfe biyun dare aka kawo wuta.

Dukan ƙyauren gida da dutse ne ya tashe ni, da murya tana cewa, "Malam! Malam! Ku fito, hayaƙi a gidanku!" Mai shayin bakin layinmu ne, wani dattijo da duk unguwa ke kira Baba. Yana cikin wanke kofuna zai tashi ya hangi hayaƙi na fita ta ƙarƙashin kwanon kicin. Na buɗe ƙofar ɗaki na tarar falo ya turnuƙe, sai na juya wajen taga. A nan gabana ya faɗi. Ƙarfen tagar nan ni na biya aka ƙara masa kauri saboda ɓarayi, aka dasa shi cikin siminti yadda ko guduma sai ta sha wuya. Allah ya taimake mu wutar ba ta riga ta tare hanyar ƙofa ba. Muka fita a sunkuye, yaro manne a ƙirjin uwarsa. Kafin mu kai waje Baba ya sa yaronsa ya cire fis daga jikin mita, wani ɗan garuwa da ke kwana kusa da kurarsa ya turo ta cike da jarkoki, maƙwabta suka fito da bokitai. Kicin ya tafi, da rabin silin falo, amma ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Da gari ya waye na zauna a dakali ina duban gidan. Kwaɗo biyu ne a ƙofa, ga sakata sama da ƙasa, ga fasassun kwalabe a kan katanga. Duk cikinsu ba wanda ya yi ihu. Wanda ya yi ihun shi ne mutumin da nake sayen shayi da burodi a wurinsa, wanda ya san ina gida a daren nan don ya ga shigata, ya kuma san akwai jariri a ciki. Tun daga ranar tunanina kan tsaron gida ya sauya, kuma abin da nake so in ba ku ke nan tun ba ku biya irin kuɗin da na biya ba.

Mun fi jin tsoron wanda zai haura katanga fiye da abin da muke kwana da shi a ɗaki. Alhali ɓarawo yakan ɗauki waya da talabijin ya bar maka katifar da za ka kwana, wuta kuwa ba ta zaɓe. Wanda ya ga abin da ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, dubban shaguna cikin sa'o'i, ba sai an yi masa bayanin saurinta ba. Gargaɗin ma tun a Madina aka yi mana shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare, da labari ya je wa Manzon Allah (SAW) sai ya kira wuta abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta kafin barci. A ruwayar Jabir an haɗa da rufe ƙofa da rufe kwanukan abinci da kashe fitila, har aka faɗi dalili, wato ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida. Lagwanin zamaninmu shi ne soket ɗin da aka bari a kunne bayan an ɗauke wuta, da dutsen guga da aka kifa a kan tebur, da maganin sauro na kunnawa da aka ajiye dab da labule, da waya da aka jona caji aka tura ƙarƙashin matashi. Ku mai da shi ɗabi'a: da zarar an ɗauke wuta, kafin a nemi tocila, a bi soket a kashe. Wanda ya ce muku tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ku tuna masa cewa mai raƙumi ma cewa aka yi ya ɗaure shi tukun, sannan ya dogara ga Allah.

Gas ya shiga gidaje da yawa yanzu, kuma ya rage wa mata wahalar hayaƙin itace, amma yana da hali da ya kamata a sani. Iskarsa ta fi wadda muke shaƙa nauyi, saboda haka idan ta zubo ƙasa take kwanciya, ta taru a lungun kicin tana jiran tartsatsi. Warin nan da kuke ji da gangan aka zuba mata shi don hanci ya gane. Idan kun ji shi kada ku ƙyasta ashana, kada ma ku taɓa makunnin ƙwan lantarki, ko kunnawa ko kashewa. A rufe kan tukunyar, a wangale ƙofa da taga, a fita. Mai son ya san ko tiyo na yoyo, ruwan sabulu zai shafa ya duba ko kumfa na tashi. Na taɓa ganin wani saurayi yana gwada nasa da ashana, sai da na riƙe masa hannu. Idan kuma man suya ne ya kama a kasko, ruwa ƙara masa haukata zai yi. Murfi ake kifawa a kashe murhu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya wari ba ya ihu. Garwashin da ake shiga da shi ɗaki a kasko lokacin sanyi a rufe ƙofa da taga, da janaretan da ake kunnawa a baranda ko cikin soro, duk suna fitar da wata iska mai guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Takan shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mutum ya ji ciwon kai da jiri ya ce gajiya ce, ya gyara kwanciya, shi ke nan. Sau nawa muka ji an wayi gari an ɓalle ƙofa an tarar da iyali guda ba mai motsi? Ku lura da abin da ke sa a jawo janareta ciki: tsoron kada a sace shi. Wato tsoron ɓarawo ne ke sa mutum ya rufe kansa da abin da ya fi ɓarawo. Haka ma jarkar fetur da aka koma ɓoyewa a ɗaki tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023 mai ya yi tsada. Lita goma ba ta kai ran yaro ɗaya ba.

Yara kuwa komai baki suke kaiwa. Kananzir ko fiya-fiya da aka zuba a robar lemo, a idon ɗan shekara biyu lemo ne. Idan ƙaddara ta faɗa ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, domin kananzir kan bi ta nan ya shiga huhu. A ɗauki yaron da robar a nufi asibiti. Ƙuna kuma ruwan famfo ake sakar mata na kamar minti 20, ba a shafa ƙwai ko man goge baki. Rijiyar tsakar gida a yi mata murfi mai kwaɗo yau, kada a ce sai an samu sarari.

Yanzu ku dubi maganin yawancin abubuwan nan, ku ga a hannun wa yake. Bayan gobararmu na je wajen mai waldan da ke bayan masallacin unguwa na ce ya zo ya ga tagar. Ya girgiza ƙarfen, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wannan ai kurkuku ka gina wa kanka." Ya auna, ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo ƙarfe, ya yi mini wani mai buɗewa kamar ƙyaure, da kwaɗo ta ciki. Ko ɗaya ne a gida, a samu taga irin wannan a ɗakin kwana. Shi ya ƙera mini kejin janareta a waje, aka kafe shi a ƙasa, ɓarawo bai samu ba, hayaƙi bai shigo ba. Shi ya yi murfin rijiyar gidan mahaifiyata. Duk lokacin da wani abu ya saki, aike ɗaya nake yi ya zo, don ya san gobe ma za mu haɗu a sahu. Ƙofar da aka shigo da ita daga waje tana da sheƙi, ban hana ku saya ba in kuna da hali, amma ranar da makullinta ya karye a ciki, wanda ya ƙera ta ba ya jin kiranku.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi so ku riƙe. A gidan Bahaushe na da, zaure ne mai gadi. Baƙo ba ya wuce shi sai da sallama, kuma da wuya ka same shi ba kowa: ko maigida na hutawa, ko malam na karantar da yara, ko wani na ɗinkin hula, ko dukawa na aikin fata. Sana'a a bakin ƙofa take, saboda haka ido ma a bakin ƙofa yake. Yau mun rushe zaure mun yi get, mun ɗaga katanga har maƙwabci ba ya jin kukanmu. Abin da ya rage mana na wancan tsari shi ne masu ƙananan sana'o'in bakin layi. Mai ƙosai ta fito tun duku-duku, mai tireda ya buɗe da hantsi, mai faci da mai cajin waya da mai POS su wuni, mai tsire ya karɓa da magariba, mai shayi ya kai tsakar dare, masu zuwa asuba su ɗora. Ku lissafa, sa'o'i nawa ne layin yake zama ba ido? Su ne suka san babur ɗin da ya zagaya sau uku, da baƙuwar fuskar da ke tambayar gidan wane, da yaron da wani ya riƙe wa hannu ba ɗan gidansu ba. Mai ƙwacen waya lungu mai duhu yake nema, ba ya son inda ƙwan mai tireda ke ci da mutum huɗu a kan benci.

Mutanen nan ba albashi ake ba su ba. Ciniki ne ke zaunar da su. Ranar da ciniki ya mutu za su naɗe tabarma su koma inda ake saya, layin ya yi duhu, sannan ku fara haɗa kuɗin ɗaukar mai gadi wanda bai san kowa ba. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga matashi ya hau adaidaita sahu ya tafi babban kanti ya sayo sabulu da madara don a gan shi da leda mai tambari, amma ranar da aljihu ya bushe sai ya tuna da mai tireda ya je cin bashi. Ku tuna watan Afrilun 2020 da aka kulle Kano saboda korona, ku tuna farkon 2023 da takardar kuɗi ta ɓace bayan an sauya fasalin naira, mutum na da kuɗi a banki amma ba na sayen gishiri a hannu. Wa ya buɗe littafi ya rubuta sunanku ya ba ku taliya da mai? Shoprite da ya zo Ado Bayero Mall a 2014 ana ta ɗauka a hoto, ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024 da lissafi ya ƙi fita. Ban ga laifinsa ba, kasuwa ya zo yi. Amma mai tiredan layinku bai tafi ko'ina ba, domin 'ya'yansa a makarantar allon unguwarku suke, kuma naira ɗin da kuka ba shi ita ce gobe za ta je hannun tela da mai niƙa da mai awara, ta zagayo.

Taimakon nasu ba wani abu ne mai wuya ba. Ku saya a wurinsu lokacin da kuke da kuɗi a hannu. Bashin da kuka ci ku biya ranar da kuka ce, domin jarin mai tireda bai fi a ƙirga shi a zama ɗaya ba, kuma bashin mutum biyar ya isa ya karya shi. Kada ku biya kuɗin da aka rubuta a babban kanti ba musu, sannan ku zo ku tsaya kuna ja-in-ja da tsohuwa mai daddawa a kan naira hamsin. Idan tela ya yi muku aiki mai kyau, wayar nan da kuke wuni a kanta ku ɗauki hoton ɗinkin ku sa a WhatsApp, talla ce da ba ta ci muku komai ba.

Sai dai zumunci ba ya hana gaskiya. Idan mai gyaran wuta ɗan unguwa ne amma siririyar waya yake sa wa mutane a inda ake jona firji da hita, ku faɗa masa, in ya ƙi ji ku nemi wani. Araha ba ta ado, a harkar wayar lantarki kuwa kashewa take yi. Mai sayar da gas da ya kafa shago jikin mai tsire, ko ɗan bumburutu da ya jera jarkoki jikin katangar gidan mutane, ƙaunarsa ita ce a haɗu da mai unguwa a sama masa wani wuri.

Kuma sanin mutane daban, sakin baki daban. Da ɗan gari akan ci gari. Yawancin ɓarayin da ke shiga gida sun san inda za su dosa tun kafin su haura, wani ne ya faɗa, sau da yawa ma mai gidan ne da kansa. Ke ƙanwata da kike ɗaukar bidiyon lefe akwati-akwati da sarƙar gwal ki sa a TikTok, da kai ƙanena da kake sanar wa duniya a Facebook cewa duk gidanku kun tafi ƙauye hutun Sallah, wa kuke yi wa aike? Idan za ku yi tafiya, maƙwabci ɗaya amintacce da mai sana'ar da ke kallon ƙofarku sun isa su sani. Ku koya wa yara cewa ba a bin kowa sai da izinin gida, ko da fuskar sananniya ce. Kano ba ta manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a ƙarshen 2021 ba, wadda aka gano cewa mai makarantarsu ne ya ɗauke ta.

Da yawanku kuna cikin 'yan sintirin unguwa, kuna kwana a waje da tocila da usur da gora don wasu su yi barci. Allah ya saka muku, kuma duk gidan da ke noƙe wa kuɗin sintiri na wata ya ji kunya. Amma ina roƙonku abu ɗaya. Wanda kuka kama, ku miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Ihun "ɓarawo" ba shaida ba ne, kuma taron da ya fusata ba ya tambaya. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida yin Sallah, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe su. Duk mun yi kuka a kan wannan. To wanda ya yi wannan kukan bai kamata a gan shi da dutse a hannu a kan baƙon da aka yi wa ihu a layinsu ba. Ku ajiye lambar mai unguwa da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa da ta 'yan kwana-kwana a wayoyinku, ku rubuta su a bango inda yaro zai gani, tare da 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa.

Baba ya tsufa yanzu, ƙafa ta hana shi tsayuwar dare, yaron nan da ya cire fis shi ke riƙe da teburin. Mun daɗe da tashi daga layin, amma duk ranar da hanya ta bi da ni nakan tsaya in sha shayi, in ba da saƙo a kai wa Baba. Zuwan da na yi na ƙarshe na tarar da shi da kansa a kan benci, an fito da shi shan iska. Muka gaisa, ya tambayi yaron da aka fito da shi a ƙirji, na ce ya shiga sakandare. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, makullin tagar nan fa, yana ina?" Na ce yana rataye a ƙusa jikin bango. Ya ce, "Ƙaramin cikin yaranka hannunsa na kaiwa?" Da na koma gida a daren nan na ɗauko guduma na sauko da ƙusar ƙasa.